Abin Da Na Tono Cikin Kwana Talatin

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara. Mun buga shi kamar yadda ya karanta.



Ranar da Sakatare ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu jawabi bana, sai na tambaye shi a kan me zan yi magana, alhali a cikinmu akwai likitoci, akwai lauyoyi, har da waɗanda ake buɗe wa ƙofar mota. Ni kuwa ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, aikina in ɗauki fayil daga wannan tebur in aza shi a wancan. Ya ce, "Ai an ce ka rubuta littafi cikin wata ɗaya." Na ce wa ya gaya maka? Ya ce zancen duniya ba ya ɓuya. To, tunda ya riga ya fito, gara ku ji shi daga bakina, kada ku ji shi a wurin waɗanda za su ƙara masa gishiri.

Bari in fara da asalin abin, domin ba a ƙasarmu aka ƙago shi ba. A watan Yulin 1999 wani matashi ɗan Amurka mai suna Chris Baty ya tara abokansa a yankin San Faransisko ta jihar Kalifoniya, su 21 ne gaba ɗaya, suka yi alkawari kowa zai rubuta ƙagaggen labari mai kalma 50,000 kafin watan ya ƙare. A shekara ta 2000 suka mai da abin watan Nuwamba, lokacin da sanyi ke tsare mutane a ɗaka a can ƙasarsu. Suka raɗa masa suna a taƙaice NaNoWriMo, watau watan rubuta ƙagaggen labari na ƙasa, ko da yake bai tsaya a ƙasa ɗaya ba: kafin wani lokaci dubun dubatar mutane daga ko'ina a duniya suna shiga kowace shekara. Dokokinsa ba su da yawa. Ana farawa ran 1 ga Nuwamba, a tsaya da tsakar daren 30 ga wata. Kana iya tsara labarinka tun kafin lokacin, amma rubutun kansa sabo ake so. Da kowane harshe ka ga dama ka rubuta. Babu alƙali, babu na ɗaya, babu na biyu, babu ko kwabo na kyauta. A wancan lokacin, wanda ya cika kalma 50,000 ya ci, sai a ba shi takardar shaida ya buga da kuɗinsa. Idan aka raba wannan adadi gida 30, kowace rana tana da kalma 1,667, wanda a rubutuna na hannu ya kai shafi bakwai ko takwas na littafin rubutu.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne kawai. Akwai littattafan da aka fara su a wannan wata suka zo suka yi suna, kamar Water for Elephants na Sara Gruen, wanda ya fito a 2006 har aka yi fim ɗinsa a 2011. Amma waɗannan tsiraru ne. Yawancin masu shiga ba sa ma kaiwa ƙarshe, waɗanda suka kai kuma yawancin abin da suka rubuta a akwati yake ƙarewa.

Wani abokina da muka yi jami'a tare ne ya kawo mini labarin a watan Oktoban 2022. Na yi masa dariya, na ce wannan aikin waɗanda ba su da aikin yi ne. Ya ce, "Shekara nawa kana ce mini za ka rubuta littafi?" Na lissafa a zuci, na samu goma sha ɗaya. Ban ba shi amsa ba.

Daga baya da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe mu ma a nan ba baƙon abu ba ne a gitta wa marubuci wa'adi. Malaminmu na Hausa, ga shi can zaune a sahun gaba, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya koya mana cewa a 1933 Dokta R. M. East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasa, wadda daga cikinta aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A lokacin mun haddace sunayen ne don jarrabawa. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, shi ne Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ne, yana koyarwa a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Bauci. Watau masu albashi ne irina, masu tashi da safe su tafi aiki. Ba su jira sun yi ritaya ba. A 1936 kuma cikin kamar wata shida Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku cur. Haka gasar kamfanin NNPC na Zariya ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, haka kuma Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta sa mata da yawa suka ɗauki alƙalami. Bambancin kawai, waɗannan akwai alƙalai da kyauta, wancan kuwa kai da kanka ne.

Saboda haka na yi rajista, na kuma yanke shawara da Hausa zan rubuta. In faɗi gaskiya, har da wayo a ciki. Na lura harshenmu cike yake da gajerun kalmomi, su da, da ya, da ta, da na, kuma na'ura ba ta bambanta gajeriyar kalma da doguwa, duk ɗaya-ɗaya take ƙirga su. Na ce ai ni na samu hanyar ratse.

Labarin da na tsara na wani yaro ne ɗan ƙauye, wanda ubansa ya sayar da dami ashirin na dawa da tunkiya ya kai shi makarantar kwana. Kun ga ba sai na yi nisa wajen bincike ba. Tsarina shi ne in zauna bayan sallar asuba har ƙarfe bakwai, da dare kuma in yara sun yi barci in ƙara awa ɗaya. Kwamfutar da nake da ita batirinta ya mutu, in an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke, don haka rabin littafin a waya na rubuta shi da babban yatsa. Wayar kuma tana da nata ra'ayin, sai in rubuta kalmar Hausa ta mai da mini ita Turanci. Sai da wani yaro a ofis ya sa mini allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa na huta. Malam, na tuna da kai a nan. Kai ne kake cire mana rabin maki a kan kowace ƙ ko ɗ ko ɓ da muka bari ba ƙugiya, kana cewa wanda bai bambanta baki da baƙi ba, wata rana zai yi wa baƙo ɓaranɓarama. A lokacin mun ɗauka mugunta ce.

Makon farko kamar ana tura ni. Hunturu ya fara shigowa, gari shiru, ga shayi, ga labari yana zuba. Ran 7 ga wata ina da kalma 13,000, na wuce ƙa'ida da fiye da dubu. Na fara tunanin irin bangon da za a yi wa littafin.

Sai na yi kuskuren ba uwargida ta karanta. Ta karanta shafi biyar ta ajiye, ta ce, "Baban yara, su waɗannan mutanen naka duk a sakatariya suke aiki?" Na ce kamar yaya? Ta nuna mini inda uban yaron, manomi wanda bai taɓa shiga aji ba, yake yi wa ɗansa sallama, yana cewa bisa la'akari da halin da ake ciki ya zama wajibi a ɗauki matakan da suka dace. Jama'a, na ji kunya. Shekara tara ina rubuta minit a fayil, ashe abin ya shiga jinina. Mu a ofis an horar da mu mu rubuta magana yadda ba za a kama kowa da laifi ba. An umarce ni in sanar da kai. An lura cewa. Za a duba lamarin. Wa ya umarta, wa ya lura, wa zai duba? Babu shi. Wannan salo yana da amfaninsa, domin shi ke tsare ƙaramin ma'aikaci ranar da fayil ya zama rigima. Amma labari ba ya tafiya da an yi, an ce. Dole wani ya yi, dole wani ya ce, mai karatu kuma yana son ya san ko wane ne. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wata kunyar kuma a gaban mahaifiyata na sha ta. Na rubuta cewa matan gidan suna surfen dawa a bakin rumbu don su raba ta da zangarniya. Da na karanta mata ta waya ta yi dariya har da tari, ta ce ɗan boko, wannan ai sussuka ce. Sai an yi sussuka an shiƙe ƙaiƙayi, sannan in za a yi tuwo a yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusa a faifai. Ni da na tashi a gidan da kullum sai an yi wannan aiki. Daga ranar kusan kowace yamma sai na kira ta, kuma ban taɓa yin hira da ita mai tsawo irin ta wannan watan ba.

Mako na biyu da na uku abin ya tsaya. Na sami dalilai masu kyau. Ƙarshen shekara ne, ana haɗa takardun kasafin kuɗi, darakta na neman abu jiya-jiya. Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi. Ran 20 ga wata aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Ƙatar, kuma duk da Nijeriya ba ta je ba, wannan bai hana ni kallo ba. Da na duba lissafi daren 21 ga wata, kalma 24,000 gare ni, alhali ya kamata a ce na kai 35,000. Saura kwana tara, kowace rana tana neman kusan 2,900.

Amma duk waɗannan dalilai na baki ne. Gaskiyar magana, na kawo yaron nan har makaranta, na ba shi gado a ɗakin kwana, na sa shi ya sha garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya ci gabza, ya yi noman firfet, ya yi gyangyaɗi a firef, sannan na rasa abin da zan yi da shi. Sai in rubuta wasan ƙwallo na shafi shida. Sai in rubuta yadda ake layin ɗiban ruwa. Ina ta kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofa a gidan da ya sani sarai. Ranar Talata 22 ga wata, ranar da Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 muka kalla a waya a ofis, da dare na zauna na ce yau ko me ya zo hannuna zan rubuta, ba gogewa. A nan ne amfanin wannan gaggawa yake. Mai gyara da ke zaune a kan kowannenmu, wanda ke cewa kada ka faɗi wannan, me mutane za su ce, shi ma yana gajiya. In ka matsa masa da wa'adi ya rasa lokacin tace maka magana, sai abin da ka daɗe kana dannewa ya sulale ya fito.

Ga abin da ya fito. 'Yan ajinmu za su tuna, wasu malamai ma za su tuna.

Muna aji biyu aka fasa akwatin wani siniya a ɗakin kwananmu aka ɗauki kuɗi. Aka ce wani yaro ɗan ajinmu ne, saboda an gan shi ya dawo ɗaki lokacin firef, kuma saboda kowa ya san ba shi da komai, ko sabulu sai ya roƙa. Aka fito da shi gaban asambuli aka yi masa bulala, aka ce ya je ya zo da mahaifinsa. Ya tafi da akwatinsa a ka, bai sake dawowa ba.

Ba shi ya ɗauka ba. Na sani, domin ina cikin ɗakin. Zazzaɓi ya kwantar da ni a gadon sama na can lungu, na lulluɓa da bargo, na ga wanda ya fasa akwatin da idona. Babba ne, mai muƙami, wanda in ya ce ka yi tsallen kwaɗo daga nan zuwa ɗakin cin abinci sai ka yi. Shi kuwa yaron ya shigo ne daga baya ya ɗauki littafinsa ya fita. Washegari mai kula da gidanmu ya tara mu ya ce duk wanda ya san wani abu ya faɗa. Na sunkuyar da kai. Ina ɗan shekara goma sha uku, ina tsoron duka, kuma na gaya wa kaina ai za a bincika. Kun ji ta ko? Za a bincika. Ashe tun kafin in shiga ofis na iya harshen ofis.

Ba zan faɗi sunan wanda ya ɗauka ba, yau ko gobe. Ko yana cikin zauren nan ko ba ya ciki, ya san kansa, shi ma kuma yaro ne a lokacin. Ba kuma na ɗora wa malamanmu laifi, domin sun yi hukunci ne da shaidar da aka ba su, wanda ke da sauran shaidar kuwa ya yi shiru. A daren nan na rubuta kalma fiye da 4,000, kuma karo na farko a littafin babu an yi, babu an ce. Na rubuta na gani, na rubuta na yi shiru. Sai da aka kira assalatu na ajiye wayar.

Daga nan sauran bai yi wuya ba. Ran Laraba 30 ga Nuwamba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na kai kalma 50,300. Na tashi uwargida na gaya mata, ta ce madalla, ta koma barcinta.

Sakatare ya ce na rubuta littafi cikin wata ɗaya. Gyara kaɗan: na tara kalmomi cikin wata ɗaya. Da na sake karantawa a watan Janairu na ga fiye da rabi shara ce. Wasan ƙwallon nan mai shafi shida ya tafi. Wani malami da na kashe a babi na huɗu na same shi yana koyar da lissafi a babi na tara. Shekara ta uku ke nan ina gyara, ban gama ba. Duk wanda ya ce muku a wata ɗaya ake gama littafi, ku tambaye shi ya nuna muku. Abin da wata ɗaya ke bayarwa shi ne abin da za a gyara, wanda shekara goma sha ɗaya ta cika baki ba ta ba ni ba. Ita ma ƙungiyar da ke shirya abin ba ta nan yanzu. A ƙarshen Maris na 2025 ta ba da sanarwar rufewa, bayan matsalar kuɗi da rigingimu da suka taso mata, ciki har da cece-ku-cen 2024 kan matsayinta game da rubutu da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta. Amma watan Nuwamba bai rufe ba, lissafin 1,667 kuma ba mallakin kowa ba ne.

Saura in gaya muku abin da ya kawo ni nan a zahiri. Bayan na gama, na shiga neman abokin nan namu. Wata huɗu na yi ina tambaya, har wani ɗan garinsu ya kwatanta mini. Tela ne yanzu, yana da shago da keke huɗu da yara masu koyo, yana da iyali. Na je na yi sallama, ya dube ni ya kira ni da sunan tsokanar da kuke kirana da shi, wanda ba zan maimaita a gaban malamai ba. Ya aika aka kawo lemo. Na yi ta jan zance, daga ƙarshe dai na faɗa masa. Na shirya wa fushi, na shirya wa kuka. Bai daina gugar rigar da ke gabansa ba. Ya ce, "Ai na san ka gani. Da na shigo ɗaukar littafi na ga idonka ta ƙarƙashin bargo. Ranar asambuli kai nake ta kallo."

Ban sami abin cewa ba. Ya ce mahaifinsa bai zo makarantar ba domin ba shi da kuɗin mota, kuma har ya rasu bai tabbata ko ɗansa ya yi satar ko bai yi ba. Wannan ne kaɗai wurin da muryarsa ta canja. Na roƙe shi gafara, ya ce ya wuce. Sannan ya tambaye ni yadda na yi da yaron a cikin littafin. Na ce na bar shi a bakin titi da akwati a ka yana kuka. Ya ce, "A'a, ban yi kuka ba. Ka gyara. Kuma kada ka mai da ni abin tausayi, ka ga dai shagona." Na gyara. Shi ne kuma ya ba ni izinin in yi wannan magana a gabanku, da sharaɗin kada in ambaci sunansa sai in ya zo da kansa.

Mai girma Shugaba, ranka ya daɗe, tsarin mulkin ƙungiyarmu ya ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya kammala karatunsa a wannan makaranta. Abokinmu bai kammala ba, kun kuma ji dalili. Ina roƙon wannan taro ya dubi wannan sashe, a buɗe ƙofa ga wanda ya zauna tare da mu ko da bai kai ƙarshe ba, a kuma rubuta masa takardar gayyata zuwa taron baɗi, da sa hannun Shugaba, a faɗa a ciki ƙarara cewa ƙungiya ta san bai ɗauki kuɗin nan ba. Na riga na rubuta wannan buƙata na miƙa wa Sakatare, da sunana a ƙasa. In an amince, ni zan kai takardar da hannuna. Kuɗin rajistarsa kuma kada kowa ya ce zai biya masa, na yi masa tayi ya ƙi, ya ce shi zai biya abinsa.